Zafin Ƙuna da Zafin Gumi: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Ƙungiya

 

Sa'ad da Sakatare ya aiko mini da takardar gayyata, ya gindaya mini sharaɗi biyu, wato kada in wuce rabin sa'a, kuma kada in sa mutane gyangyaɗi. Na farkon zan yi ƙoƙari. Na biyun kuwa ba a hannuna yake ba, domin an riga an ci abinci, kuma fankokin wannan zaure na ga har yanzu halinsu na nan yadda muka bar shi. Wani abin da ya ƙara mini nauyi shi ne ganin malaminmu na Jogarafi zaune a sahun gaba. Shi ne ya ba ni huɗu bisa ashirin a aji huɗu, a kan tambayar iskoki, ya kuma rubuta da jan biro cewa in zo in gan shi. To, Malam, Allah ya ƙara lafiya, ga shi na zo, ko da yake na makara da shekaru. Jogarafin nan shi na karanta a jami'a, kuma shi nake ci da shi yau a ma'aikatar muhalli ta jiha.

'Yan ajinmu za su tuna watan Afrilu na 2010, lokacin da aka tsare mu a makaranta muna karatun shirin jarrabawar fita. A kwanakin farko rana ce kawai take gasa mu. Bencin aji ba ya zaunuwa, leɓe ya tsage, wasu har haɓo suke yi, amma in muka fitar da katifu waje, kafin asuba sai ka ga mutum yana laluben zanen rufa. Daga baya sai al'amarin ya sake. Iska ta juyo daga kudu, sama ta yi wani irin dishi-dishi, ga gajimare amma babu ruwa, dare ya zama ya fi rana wuya. Katifa ta jiƙe sharkaf, ƙurajen zafi suka feso wa kowa, har ruwan randar da ke bakin ɗakin kwananmu ya daina sanyi. A lokacin mun ɗauka zafi ne ya ƙaru kawai. Alhali kuwa baƙi biyu ne suka sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne da hanyar da ya biyo. Na farko shi nake kira zafin ƙuna, na biyu zafin gumi. A cikin wannan wata ne ma aka auna digiri 46.4 a Yola.

Bari in fara da zafin ƙuna, kuma in roƙi kowa ya tuna famfon keke. In ka yi ta buga wa taya iska, ka taɓa gindin famfon, za ka ji ya yi zafi. Ba wuta aka sa masa ba, matse iskar da aka yi ne ya ɗumama ta. Haka abin yake a sararin sama. Iskar da ke can sama sanyi gare ta, amma in wani abu ya sa ta gangaro ƙasa, nauyin iskar da ke kanta yana ƙara matse ta, sai ta riƙa ɗumama da kusan digiri 10 a kowace kilomita guda da ta sauko. Iskar da ke saukowa kuma ba ta haɗa gajimare, sai dai ta watsa wanda ta tarar. Saboda haka duk inda iska take sauka na kwanaki a jere, sama za ta kasance tas, rana ta yi ta dukan ƙasa tun safe har yamma babu shamaki, zafin da ƙasa ta mayar kuma ya rasa hanyar fita domin an danne shi daga bisa kamar an kife tukunya da murfi. Wannan shi masana ke nufi in sun ce wuri yana ƙarƙashin babban matsin iska.

Hamadar Sahara kanta 'yar wannan al'amari ce. A tsakiyar duniya, inda rana ta fi ƙarfi, iska mai ɗumi da laima tana hawa sama, ta zubar da ruwanta a kan dazuzzukan Kwango da makamantansu, sa'an nan ta bazu arewa da kudu a can sama, ta je ta sauko a busasshiyarta wajen digiri 30 daga tsakiyar. Inda take saukar nan ne ake samun manyan hamadun duniya. Daga nan sai ta biyo ƙasa ta koma inda ta fito, kuma wannan komawar ita ce iskar arewa maso gabas da ke kawo mana hunturu da hazo. A Disamba da Janairu sanyi take kawowa, domin rana ta karkata kudu. Amma daga Maris rana tana dawowa, har ta tsaya daidai tsakar ka a Kano wajen mako na uku na Afrilu. Iskar tana nan a bushe, ƙasa ta yi wata biyar ko shida ba ta ga ɗigon ruwa ba. Nan ne maganar ƙasa take shigowa, kuma ina so manoman cikinmu su lura. In ƙasa tana da danshi, ko akwai ciyawa da itatuwa, babban kaso na ƙarfin rana yana tafiya ne wajen busar da ruwan. In kuwa ta bushe ƙayau, babu abin da ƙarfin zai yi sai gasa ƙasar da iskar da ke kanta. Shi ya sa Sakkwato da Maiduguri da Yamai suke haura digiri 40 a Afrilu ba tare da kowa ya yi mamaki ba.

A ƙasashen Turawa hanyar ta ɗan bambanta. Can akwai wani kogin iska mai tsananin gudu a sama, kimanin kilomita 10 daga ƙasa, yana tafiya daga yamma zuwa gabas, shi ne yake turo musu hadari da sanyi bi da bi. Wani lokaci kogin nan yakan yi lanƙwasa mai zurfi, lanƙwasar kuma ta tsaya cik, sai babban matsin iska ya samu gindin zama a cikinta, ya yi zaman dirshan na mako biyu ko fiye. Abin da ya faru ke nan a Turai a 2003, inda mutum fiye da 70,000 suka mutu, kusan 15,000 daga cikinsu a Faransa kaɗai. Haka aka yi a Rasha a 2010, kuma abin mamaki, lanƙwasar da ta gasa Mosko tana da hannu a ambaliyar da ta cinye Pakistan a wannan lokaci. A ranar 29 ga Yuni, 2021, wani ƙauye mai suna Liton a Kanada, ƙasar da muka sani da ƙanƙara, ya kai digiri 49.6, washegari gobarar daji ta cinye shi.

Zafin ƙuna yana kisa, ban ce ba ya yi ba. Ranar 3 ga Afrilu, 2024, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, ana cikin azumi, kuma asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ba da sanarwar mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗayansa 130 ne. Sai dai wannan zafi yana da sassauci biyu. Na farko, in dai kana shan ruwa kana cikin inuwa, zufarka tana bushewa nan take, kuma bushewar nan ita ce take sanyaya jiki. Na biyu, busasshiyar iska ba ta iya riƙe zafi da dare, yana tserewa sama, shi ya sa muke neman zanen rufa da asuba.

Yanzu ga baƙo na biyu, wanda a gaskiya dominsa na karɓi wannan gayyata.

Ƙasar da ta gasu tana ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta yi sauƙi ta tashi sama, sai matsin iska ya ragu a wurin, ya zama kamar rami. Rami kuwa ba ya zama haka nan, dole wani abu ya gangaro ya cika shi. Abin da yake gangarowa shi ne iskar kudu maso yamma daga tekun Atlantika, ɗauke da laima, wato iskar bazara da kakanninmu suke jira su fara sharar gona. Akwai inda iskokin nan biyu suke haɗuwa, ta hamada da ta teku, ni ina kiran wurin magama. A Janairu magamar tana can kusa da bakin teku wajen Ikko. Daga nan sai ta yi ta tahowa arewa tana bin rana, har a Agusta ta wuce Agadas, ta kai wajen digiri 20, sa'an nan ta juya.

To, ga inda Malam ya kama ni a aji huɗu. Na rubuta cewa da zarar magama ta iso gari sai ruwa. Ba haka ba ne. Iskar teku ta fi ta hamada sanyi da nauyi, don haka ba ture ta take yi gaba da gaba ba, ƙarƙashinta take kutsawa kamar bakin fartanya a cikin ƙasa. A can goshinta siririya ce ƙwarai, ga kuma busasshiyar iska mai zafi zaune a kanta. Laimar tana son hawa ta zama hadari, amma murfin ya hana, in ma gajimare ya ɗan taso sai busasshiyar iskar ta shanye shi. Sai an koma baya kudu da ɗaruruwan kilomita, inda iskar tekun ta yi kauri, sa'an nan ruwa yake zuba sosai. Ashe ke nan akwai wani yanki mai faɗi da laima ta iso amma ruwa bai iso ba, kuma duk garin da ya faɗa cikinsa, shi ne yake shan zafin gumi. Ibadan da Lokoja suna shan nasu tun Fabrairu da Maris, mu nan arewa daga Afrilu zuwa Mayu, wani lokaci har Yuni. Bugu da ƙari magamar ba tafiyar soja take yi ba. Takan yi tsalle arewa na 'yan kwanaki in ramin zafin nan ya yi ƙarfi ko ya gusa, ta jibge mana laima, sa'an nan ta koma. Da dare ma ta fi matsowa, domin da rana motsin iska yana dagula ta.

Me laima take yi? Abu biyu. Tururin ruwa bargo ne. Zafin da ƙasa take saki da dare, tururin yana tare shi ya mayar da shi ƙasa. Masanan Faransa da suka bi diddigin zafin nan na Afrilun 2010 a yankin Sahel sun gano cewa shigowar laima daga kudu ce ta hana dararen nan yin sanyi, har wasu wurare suka kwana sama da digiri 30. Wato abin da muka ji a jikinmu a kan katifun nan, shi suka tabbatar da na'urori bayan shekaru. Na biyu kuma shi ne maganar randa. Randa tana sanyaya ruwa ne domin tana tsattsafo da shi ta jikinta, iska ta busar, bushewar ta tafi da zafi. Jikin mutum randa ne. Cikinsa yana kan digiri 37, kuma in zafin waje ya kai na fata, ba shi da wata hanyar fitar da zafi sai bushewar zufa. In iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, zufar sai dai ta kwarara ƙasa a banza. Mutum yana asarar ruwa da gishiri, zuciya tana ta bugu tana tura jini zuwa fata, amma sanyi bai samu ba.

Waɗanda suka riga mu shiga makarantar nan za su tuna farin akwatin katako mai ƙafafu da ke bayan ɗakin kimiyya. A cikinsa akwai ma'aunin zafi biyu, ɗaya haka nan, ɗaya an naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen ƙyalle. In iska busasshiya ce, mai ƙyallen zai sauka ƙasa da ɗan'uwansa da nisa. In akwai laima, sai su kusanci juna. Mai ƙyallen nan shi ne yake faɗa maka abin da jikinka zai iya. A 2010 masana suka ƙiyasta cewa in ya kai digiri 35, ko lafiyayyen mutum a inuwa da ruwa a hannu ba zai jure fiye da 'yan sa'o'i ba. Daga baya, a 2022, gwajin da aka yi da matasa masu lafiya a wata jami'ar jihar Fensilbaniya ta Amurka ya nuna cewa jiki yana fara gazawa tun wajen 31. To, ina ga tsoho, ko mai ciki, ko mai hawan jini? Saboda haka digiri 38 mai laima yana iya fin 44 busasshe haɗari, kuma rediyo in ya faɗi lamba guda ɗaya, rabin labari ya ba ka.

Birnin Shikago na Amurka ya ga wannan a Yulin 1995. Babban matsin iska ya yi murfi a sama, laimar da ta taso daga jiƙaƙƙun gonaki ta taru a ƙarƙashinsa, cikin mako guda mutum fiye da 700 suka mutu, yawancinsu tsofaffi masu zaman kaɗaici a ɗakunan da tagoginsu ke rufe. Mu ma a nan kusa, zafin da aka yi a kudancin Afirka ta Yamma a tsakiyar Fabrairun 2024 irin wannan ne. In an haɗa zafi da laima, abin da jiki yake ji ya kai wajen digiri 50. Masu kallon ƙwallo za su tuna cewa a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddebuwa a lokacin, sai da aka riƙa tsayar da wasa ana shan ruwa. Yadda wasan ƙarshe ya ƙare kuwa, ba zan tayar da tsohon miki ba. Masanan da suka yi nazarin wannan zafi sun ce ɗumamar duniya ta ƙara masa kusan digiri 4. Dalilin bai da wuyar ganewa: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara ɗumi, tana iya ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100, tekun da iskar bazara take tasowa daga kansa kuma yana ƙara ɗumi. Shekarar 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Ranka ya daɗe Shugaba, ka yi mini izini in faɗi abin da ya shafe ni. A bazarar 2024 ɗin nan na rasa baffana, yayan mahaifina, wanda shi ya biya mini kuɗin jarrabawar fita daga wannan makaranta. Ya haura saba'in, yana da hawan jini. Duk kwanakin da rana ta fi ƙuna ya wuce su lafiya, yana zaune gindin darbejiyar ƙofar gida da butarsa. Ranar da abin ya faru ma mutane cewa suke yi an samu sauƙi, domin akwai gajimare kuma iska ta juyo. Da dare aka ga walƙiya daga kudu, sai ya ce a mayar masa da shimfiɗa ɗaki kada ruwa ya same shi. Ɗakin rufin kwano ne babu silin, taga guda, ga babu wuta. Ruwan bai zo ba. Da asuba aka tarar da shi jikinsa kamar garwashi, yana magana ba kan gado. Kafin a samu mota a kai shi asibiti a samu gado, rai ya yi halinsa. Kwana ya ƙare, wannan na sani. Amma ni da na karanta wannan abu, wanda a ranar nan a ofis na ga alamar laima ta hau, har na ce wa abokin aikina yau za a kwana da gumi, ban ɗaga waya na ce kada a bar Baffa ya kwana a ɗaki ba. A takardar asibiti hawan jini aka rubuta. Haka ake rubuta yawancinsu, shi ya sa in an tambayi mutum nawa zafi yake kashewa a garuruwanmu, sai a ga kamar babu.

Abin da nake so kowa ya riƙe ba shi da yawa. Ranar da iska ta juyo daga kudu, randa ta daina sanyi, wanki ya ƙi bushewa da wuri, ga hadari yana haɗuwa yana watsewa, a ranar ne za a sa ido a kan tsofaffi da jarirai da marasa lafiya, musamman da dare. A zafin ƙuna, yayyafa ruwa a tsakar gida da rataya jiƙaƙƙen zane a taga suna aiki ƙwarai. A zafin gumi amfaninsu kaɗan ne, a rufaffen ɗaki ma ƙara laima suke yi. Abin da ake bukata shi ne iska mai wucewa, da zuba ruwa a jiki, da mafici ko fanka. In kuwa mutum ya fara ruɗewa jikinsa ya yi zafi rau, ba a jira. A fitar da shi inda iska take, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita tun kafin mota ta zo, kuma kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, takan fitar da gargaɗin zafi, amma da Turanci yake fara fitowa, kuma sau da yawa a wayoyin irinmu yake tsayawa. A nan laifin namu ne mu ma'aikata, ni ma ina ciki.

Da safen nan na zagaya bayan ɗakin kimiyya. Farin akwatin yana nan, ƙafa ɗaya ta karye, zanzaro ya yi gini a ciki, babu ma'auni ko ɗaya. Na leƙa ɗakunan kwana kuma na ga silin ɗin biyu daga cikinsu ya zube, kwano ne tsirara a kan yara, kuma an ce mini yanzu saboda halin tsaro ba a barinsu su fitar da katifa waje kamar yadda muka yi. Na san kwamiti ya riga ya tsara gina sabuwar ƙofar shiga da sunan Ƙungiya a kanta, kuma ban raina wannan ba. Ina dai roƙo, in an zo kan kasafin kuɗi bayan wannan jawabi, a sa silin da ƙarin tagogi masu raga a ɗakunan nan biyu a gaban ƙofar, a gama kafin Maris. Akwatin kuwa da ma'aunansa biyu na ɗauki nauyinsu daga aljihuna, in Shugaban makaranta ya amince a samu ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka nuna safe da yamma, su kuma kai wa mai kula da ɗakunan kwana duk ranar da suka ga ma'aunan biyu sun kusanci juna.

Sakatare yana nuna mini agogo. Malam, ban sani ba ko yanzu na haura huɗun nan.